Babin Jini a Ƙarshen Littafi Yake

Bana shekara talatin ke nan da muka kai yayana, Malam Kyari, makwancinsa a maƙabartar Gure. Waɗanda suka yi sahu a kansa ran nan galibinsu sun bi shi, Allah ya jiƙansu baki ɗaya. Ni da na yi saura ba malami ba ne, kada mai karatu ya sa ran jin wa'azi. Ɗan kasuwa ne ni, kanwa da fata da goro su na sani, bokon ma da girmana na koye shi don kada yaran kanti su riƙa yi mini dariya. Amma akwai abu guda a rayuwar yayana da ya tsaya mini a rai, kuma na ga in ban faɗe shi yanzu ba, tare da ni za a rufe shi.

Mahaifinmu Badamagare ne. Fatauci ya kawo shi Gure, ya kafa rumfa, ya auri uwarmu daga cikin Barebarin Manga. A gida Barbarci muke yi, a kasuwa Hausa. Kyari ya bi littafi, ni na bi mudu. Mutum ne mai nauyin baki, in ka tambaye shi ko yau Talata ce sai ya yi shiru ya lissafa kafin ya amsa maka. A shekarun alif ɗari tara da talatin da wani abu, lokacin ƙasa na hannun Faransa, kumandan, wato Baturen mulki, ya sa shi cikin mutum biyun da ke zama gefensa in ana shari'ar ƴan ƙasa. Asesa ake ce musu. Aikinsu shi ne in kumandan ya tambaya me shari'arku ta ce a kan kaza, su gaya masa ta bakin tafinta, shi kuma ya yanke abin da ya ga dama. Kyari bai nemi aikin ba, amma a wancan zamani ba a ce wa kumandan a'a a kwana a gida.

Abin da ya tayar mini da tsohon zance, bara na je Yamai neman maganin ido. Jikar Kyari, Falmata, tana karatun shari'a a jami'a. Da aka kwance mini ido sai ta ce, "Angona, tunda likita ya buɗe maka shi, zo ka ga abin kallo kafin ya sake rufewa." Ta ja ni ɗakin littattafansu, wanda suke kira bibliyotek. An ba ta aikin rubutu ne a kan kisan kai, yadda doka ke raba ganganci da kuskure, da abin da masana suka ce yana kai mutum ga aikata laifi. Na ga ta nufi wani akwati mai aljihuna, ta jawo ɗaya, ta bi ƴan katuna da yatsa, ta rubuta lamba ta miƙa wa ma'aikaci. Kafin in gama gaisawa da mai gadi an jibge mata littattafai a gaba, na Faransanci da na Larabci. Ta ɗauki na Larabcin, ta duba jerin babuka, ta tafi kai tsaye inda take so. Tana yi tana mita, wai wani littafin da malaminsu ya ambata babu shi, sai an aiko daga waje. Ni dai na nemi kujera na zauna.

Ga abin da na tuna. A wani ƙauye na ƙasar Kelle mutum biyu suna yasar rijiya. Maina yana ciki yana cika guga da laka, Ari yana sama yana ja. Gugan ya kusa baki sai ya koma da nauyinsa duka, ya sami Maina a ka. Aka fito da shi da sauran numfashi, ya buɗe baki a gaban jama'a ya ce, "Ari ya kashe ni." Bai ƙara ko kalma ba har ya cika. Ari ya rantse igiya ce ta jiƙe ta suɓuce masa. To amma kowa a ƙauyen ya san sun taɓa sa-in-sa a kan iyakar gona. Gardi, dogaran kumandan, suka ɗaure shi suka kawo Gure, aka sa shi kaso, wato kurkuku.

Abin da kowane ƙaramin malami ya sani shi ne, a mazhabarmu maganar mai mutuwa tana da nauyi. In ya ce wane ne ya kashe ni, danginsa maza suka yi rantsuwa hamsin a kai, to jini ya hau kan wanda aka ambata. Ɗaya asesan, wani dattijo mai saurin baki da ba zan kama sunansa ba tunda jikokinsa suna nan, iyakar inda ya tsaya ke nan. Kyari kuwa abin ya ƙi shigar masa. Maina bai ce da gangan ba, bai ce da kuskure ba. Ƴan'uwansa biyu kuma sun rabu. Babban ya ce ganganci ne, ƙaramin ya ce shi wallahi bai sani ba, kuma ba zai rantse a kan abin da bai sani ba. Kyari ya tuna, tun yana ɗalibi ya taɓa jin wani malami mai wucewa yana cewa in magada suka rabu irin haka, maganar jini ta faɗi. Ji ya yi a zaure, bai gani da idonsa a takarda ba. Ya roƙi kumandan ya ɗaga shari'ar ya je ya nemo nassi. Kumandan dama yana shirin fita rangadin haraji, sai ya ce to, in ya dawo zai yanke, da nassi ko babu.

A wajen neman ne ya gano abin da bai taɓa lura da shi ba. Littattafan fiƙihu tsarinsu ɗaya. A fara da ruwa da tsarki, a bi ta salla da zakka da azumi, a zo aure da ciniki, can a ƙurya gab da gado sannan a sami babin jini da haddi. Littafi kuwa a lokacin da hannu ake kwafarsa, takardu ne sake a cikin gafaka ta fata, kuma ɗalibi iyakar inda ya karanta yake kwafa. Mutum zai fara da zafinsa, ya kai salla, sai a yi masa aure ko damina ta faɗi, shi ke nan karatu ya tsaya. Saboda haka babin alwala kowane zaure a Gure akwai shi, har ɓeraye sun ƙoshi da shi. Babin jini mai cikakken sharhi kuwa sai dai labari. Na Kyari taƙaitacce ne, layi biyu ya yi a kan mas'alar ya wuce. Na limamin gari gara ta ci rabinsa, kuma rabin ƙarshen ta zaɓa. Ni na aika Damagaram wurin wani abokin cinikin mahaifinmu da aka ce yana da bugun Masar. Amsar da ta dawo ita ce kashi na farko ne a hannunsa, na biyun wani ya ara ya tafi hajji da shi a ƙasa, ba a san ranar dawowarsa ba. Har tafinta Kyari ya lallaɓa ya buɗe masa littafin dokar Faransa da ke ajiye a biro, wato ofishin kumandan. Tafinta ya duba ya duba, ya ce abin da aka rubuta shi ne a tambayi al'adar ƴan ƙasa. Wato an maido shi inda ya taso.

Matambayi ba ya ɓata. Daga ƙarshe aka ce masa akwai wani tsoho a Bune, Shatima Mustafa, wanda ya yi karatu a Barno tun kafin zuwan Nasara, yana da sharhin cikakke. Ina da kanwar da zan ɗauko ta wannan wajen, sai muka tafi tare. Muka sami tsohon a zaurensa zaune kan buzu, idonsa ya tafi gaba ɗaya, gafakar tana rataye a turke bayan kansa.

Kyari ya zayyana masa komai. Tsohon ya saurara har ƙarshe, sannan ya faɗi abu biyu. Na farko, shi ba ya ba da fatawar da za a kai gaban Nasara, alkawari ne ya ɗauka tun ranar da suka shigo ƙasar. Na biyu, ba ya hana ɗalibi karatu, amma littafi ta ƙofa ake shigarsa. Yadda ya karɓa daga malaminsa haka zai bayar, daga babin ruwa, takarda bayan takarda, sai ya ji an fahimci ta yau sannan ya fito da ta gobe. Kyari ya ce, "Allah gafarta Malam, ran mutum ne a kaso." Tsohon ya ce, "Ran mutum ɗin ne ya sa. Ina saurayi na ga abin da mai takarda ɗaya ya aikata da wuƙa a Barno. Wanda ban ji ya san ruwan da zai wanke hannu da shi ba, ba na damƙa masa jini." Iyakar sassaucin da ya yi, ya yarda su riƙa zama safe da la'asar maimakon safe kaɗai.

Ɗan zamani zai ce wannan taurin kai ne. Ni ma a ranar haka na ce, har da ƙari, amma a waje na faɗa. Sai da na manyanta na yarda cewa al'adar ba banza ta tsiro ba. A ƙasar da takarda ke yawo sake, duk wanda ya tsinci guda yana iya zama alƙalin ƙauyensu, ya yanke hannu da ita bai san sharaɗin da ke takardar gaba ba. Malamai sun yi wa ƙarshen littafi shinge ne don irin wannan. Sai dai shinge bai san wanda ya zo sata da wanda ya zo ɗaukar ruwan kashe gobara ba, duka tare su yake yi.

Bayan wasu makonni na sake biyowa ta Bune da raƙumana, na tarar sun kai zakka. Rana tsaka ce, tsohon ya shiga cikin gida ƙailula, ya bar Kyari a zaure yana kwafa. Gafakar tana nan rataye, in ya miƙa hannu zai taɓa ta. Na ce, "Yaya, mutumin nan makaho ne, kuma barci yake yi. Zaro ta ƙarshen ka duba ka mayar. Wa ya gani?" Ya ce, "Don makaho ne ba zan taɓa ba. Da mai ido ne da sai in ce ya tsare kayansa." Na ce to ya je ya gaya wa kumandan abin da ya tuna, ya ce ya tabbata, ai kumandan ba Larabci yake ji ba. Ya aje alƙalami ya tambaye ni, in ya tuna ba daidai ba fa, jinin Maina ya hau kan wa? Raina ya ɓaci. Na ce masa sannu ba ta hana zuwa, amma wanda ke kaso shi ya san tsawon sannun. Ya ɗauki alƙalaminsa ya ci gaba, ni kuma na kora raƙumana.

Kumandan ya dawo kafin lokacin da aka zata. Aka aika gardi Bune ya taho da Kyari, karatunsu a lokacin yana babin aure. Ina wurin ranar shari'ar, a cikin masu tsayuwa bakin rumfar biro. Dattijon asesan ya yi magana da ƙarfi, ya ce mai mutuwa ya ambaci suna, babban wa ya rantse, magana ta ƙare. Kumandan ya juyo kan Kyari. Kyari ya faɗi abin da ya tuna daki-daki, bai rage komai ba. Tafinta ya ce, "Kumandan ya ce, ka gani a littafi?" Ya ce bai gani ba tukuna. Tafinta ya ce, "Ya ce, ka tabbata?" Kyari ya tsaya lissafin nan nasa, ni kuwa ina ta roƙon Allah a zuci. Ya ce, "Ina kyautata zato, amma ban tabbata ba." Kumandan ya ɗaga kafaɗa. Ga mai cewa na tabbata, ga mai cewa ina zato, ya ɗauki na farkon. Ba a kashe Ari ba, an yanke masa shekaru masu yawa na aikin wahala, aka tafi da shi arewa cikin rairayi. Ko mutum ɗaya a wurin bai ce a kawo igiyar a duba ba.

Kyari ya nemi uzuri da rashin lafiya ya aje aikin, ya koma Bune. Mutane suka yi ta mamaki, me ya rage kuma? Ya ce ya riga ya fara. Sai da shekara ta zagayo da ɗoriya sannan tsohon ya laluba gafaka ya zaro masa takardar. Abin yana nan yadda ya tuna shi, ba ragi ba ƙari: in wasu magada suka ce ganganci, wasu suka ce ba su sani ba, jini ya faɗi. Kafin nan wani gardi da ya dawo daga arewa ya riga ya kawo labarin cewa ciwon ƙirji ya kashe Ari tun sanyin farko. Da Kyari ya dawo Gure ya gaya mini abin da ya gani, murya a kwance, yadda ake faɗin farashin gero. Ban ce masa na faɗa maka ba. Ba kuma don kirki ba ne.

A kujerar nan ta bibliyotek na yi ta tunanin abin da zai ce da ya ga jikarsa ta shiga babin jini kai tsaye, ba alwala ba salla. Ina jin da farko zai tambaye ta ko ta karanta abin da ke gabansa, don hali zanen dutse ne. Daga nan sai ya ƙyale ta, domin shi da kansa ya karya al'adar daga baya. Ya kwafi babin nan hannu bayan hannu, ya rarraba wa zaurukan Gure da Kelle da Gamu. Duk wanda ya zo masa da mas'alar da rai ke rataye a kanta, inda ake buƙata yake buɗe masa, ya karanta masa sharuɗɗan duka. Wasu malamai sun zarge shi da zubar da darajar ilimi. Amma ko sau ɗaya ban ji ya ce Shatima ya yi kuskure ba, kuma da tsohon ya rasu da shi aka wanke shi. Littattafan Falmata masu tambayar me ke sa mutum ya yi kisa, ina jin za su burge shi, don a zamaninsa wa ya yi kawai ake tambaya. Sai dai da zan same shi yau, bayan bibliyotek ɗin zan kai shi bakin kaso ya ga masu jiran shari'a. A da littafi ne babu. Yanzu littafi yana kan kanta da lambarsa, jiran dai yana nan yadda ya bar shi.

Akwai abin da ya yi a hanyarsa ta dawowa daga Bune wanda ban sani ba sai daga baya, a bakin wani mai sayen kanwa. Ya ratsa ta ƙauyen su Ari da takardar da ya kwafa. Ya yi sallama a ƙofar matar Ari, Yagana, ya durƙusa daga bayan zana. Ya karanta mata nassin, ya fassara da Barbarci, ya ce a shari'a jini bai hau kan mijinta ba, kuma shi ya san haka a ransa ranar amma bai tsaya a kai ba. Tana daka ne, ba ta aje taɓarya ba har ya gama. Ta ce, "Malam, ni ban taɓa buƙatar takarda ba. Kumandan za ka karanta wa." Ya ce gaskiya ta faɗa, ya tashi ya tafi. Ko ruwa ba ta ba shi ba.

A Gure har yau in aka ambaci Malam Kyari sai a ce malamin da ba ya faɗin abin da bai gani ba. Nakan ce amin kawai, don na san wanda ya biya kuɗin wannan yabo. Awo sana'ata ce, amma shekara talatin ina ɗora yayana a sikeli ya ƙi tsayawa. Da ya zaro takardar nan da rana tsaka, ko ya ce na tabbata, wataƙila da Ari ya tsufa cikin jikokinsa. Da kuma halinsa ne zaro takardar makaho, ban san me zai hana shi zaro wani abu gobe ba, kuma da ba wanda zai yarda da fatawarsa. Ina ƙaunarsa, ina kuma jin haushinsa, duka biyun ba wanda ya ragu. Takardun da ya rarraba galibi gara ta cinye, bugun injin ya maye gurbinsu, ba wanda ke neman rubutun hannunsa. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Ari da Maina da Shatima.

Abin da na san ya rage nasa, a maƙabarta na gan shi. Da safe ya cika, na tafi da mutane mu sa a haƙa kabari, sai muka tarar wani baƙo ya riga mu, har ya yi nisa. Ƙaƙƙarfan mutum ne, bangon ramin ya fita sumul, aikin wanda ya saba da ƙasa. Aka ce mai haƙar rijiya ne, yana aiki a bayan gari ya ji sanarwa. Bayan an rufe na bi shi da ɗan abin sadaka, ya mayar da hannunsa baya. Ya ce, "Baba, ni ɗan Ari ne. Uwata ta bar mini wasiyya, in ina kusa ranar da malamin nan ya rasu, ni zan haƙa masa. Ta ce cikin duk waɗanda suka zauna a kan ubana, shi kaɗai ya tako har ƙofarmu ya ce bai yi daidai ba."

Na tambaye shi ko ta yafe masa ke nan. Ya karkaɗe ƙasar gwiwarsa, ya saɓa daginsa, ya ce, "Wannan ba ta faɗa ba. Kabari kawai ta ce in haƙa."